Santa Rosa, mai zanen bangon littafi na Brazil: ta ina za a fara neman aikinsa?

Ɗalibar Zane, Kabuga:
Assalamu alaikum malamaina. Don Allah wane ne Tomás Santa Rosa? Ana yawan ambaton marubutan da ya yi wa bango, amma shi ba a cika jin sunansa ba. Yaya ake gane aikin hannunsa?

Mai Bango:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. An haife shi a jihar Paraíba a 1909, ya koma Rio de Janeiro a 1932, ya rasu a Delhi ta Indiya a 1956. Shi ya zana bangon littafin Cacau na Jorge Amado a 1933 da na Vidas Secas na Graciliano Ramos a 1938, ya tsara dandalin wasan kwaikwayon Vestido de Noiva a 1943, yana kuma rubuta sharhin zane a jarida.

Ki lura da bangunan da ya yi wa kamfanin buga littattafai na José Olympio: launi ɗaya shimfiɗe, sunan marubuci a sama, ƙaramin zane baƙi da fari cikin murabba'i, sunan kamfani a ƙasa. Ki duba kusurwar zanen, sau da yawa za ki ga SR, wato haruffan farko na sunansa Santa Rosa. Wannan tsarin yana rage kuɗin bugu ƙwarai, tunda launi kaɗan yake ci, kuma daga nesa mai saye ya san littafin wane gida ne.

Malam na Maɗaba'a:
Abin da ke binne sunan mai zane shi ne sake bugu. Ana canza bango, ko ɗakin karatu ya cire na asali ya sa mai kauri. Don haka bugun farko za ki nema, ki tabbatar da shekara da sunan kamfani kafin ki ce aikinsa ne. Sharhinsa kuwa, ki shiga Hemeroteca Digital, ma'ajiyar tsofaffin jaridu a intanet ta ɗakin karatun ƙasar Brazil, kyauta ne. Ki gwada "Tomás" da "Thomaz", domin tsofaffin jaridu suna rubuta shi iri biyu. Idan kika sa "Santa Rosa" kaɗai, sunayen garuruwa za su cika miki shafi.

Hajiya Mai Adana:
'Yata, wannan ciwon muna da shi a nan Kano. Littattafan soyayya na shekarun 1990 da yawa da hannu aka zana bangonsu, masu zanen kuma sunansu ya ɓace. In kin samu irinsu, ki kwafi gaba da baya da ƙeyar littafin a sikana, ki sa ma'aunin kaifin hoto a dpi 600, ki ajiye a TIFF, tsarin hoton da ba ya rage inganci; wanda aka tura ta WhatsApp ya riga ya matse, ƙananan layuka sun tafi. Kada ki liƙe yagewa da salatif, gam ɗinsa yana rina takarda ja. Kada ki ɗaure a leda da damina, zai yi fumfuna. Ki sa a kwali, ki ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ki rubuta inda kika samo shi da fensir.