Muhawara: Wai mabiya Buddha ne suka gina Angkor Wat?

Auwalu: Jama'a, na ga hoton haikalin Angkor Wat a Kambodiya, sufaye masu mayafi ruwan goro cike da harabar. Ni dai na tsaya a kan cewa mabiya Buddha ne suka gina shi, tunda Khmer, mutanen ƙasar, ba su taɓa sanin wani addini ba.

Malam Habibu: Kai Auwalu, yi a hankali. Sarki Suryavarman II ne ya gina shi a ƙarni na 12, kuma domin Vishnu, abin bautar 'yan Hindu. Dubi sassaƙar jikin bangon: alloli a gefe, aljanu a gefe, suna jan maciji suna kaɗa tekun madara. Labarin Hindu ne zalla.

Hajiya Rabi: Malam, kai ma kada ka wuce gona da iri. Jayavarman VII da ya hau mulki a 1181 ɗan Buddha ne na gani kashe ni. Shi ya gina haikalin Bayon mai manyan fuskokin dutsen nan, ya kafa asibitoci 102.

Malam Habibu: Haka ne Hajiya, amma Mahayana, wani reshe na addinin Buddha, yake bi. Bayansa ma an bi ana kankare siffofin Buddha daga bango. Ɗarikar Theravada, wadda ake bi yau a Kambodiya, a ƙarni na 13 da na 14 ta kankama, tushenta kuma Sri Lanka. Zhou Daguan, ɗan tawagar Sin da ya isa Angkor, babban birnin Khmer, a 1296, ya tarar da sufaye masu aski ƙwal da rawayan mayafi.

Auwalu: To ai maganata ta fito!

Hajiya Rabi: Ina ta fito, ƙanena? Gini daban, gado daban. Daga baya aka shigar da gumakan Buddha cikin Angkor Wat.

Ɗanladi: Ni abin da ya ɗaure min kai, bayan 'yan kwaminis na Khmer Rouge sun tuɓe wa sufaye mayafi daga 1975 zuwa 1979, sun kashe da yawa, yaya addinin Buddha ya farfaɗo?

Hajiya Rabi: A ƙauye yake da saiwa. Da safe sufaye kan fita da ƙwarya kamar almajirai, sai dai ba sa roƙo, tsayawa kawai suke yi a zuba musu shinkafa. Lokacin bikin Pchum Ben, kwana 15 ana kai abinci gidan ibada don magabata. Tsarin mulkin 1993 ma ya ayyana shi addinin ƙasa.

Malam Habibu: Duk da haka har gobe akwai Brahman, wato limaman Hindu, a fadar sarki, manoma kuma na ba iskokin neak ta hadaya.

Auwalu: Malam, to waɗannan 'yan Buddha ne ko 'yan Hindu?

Malam Habibu: Tambaye su, Buddha za su ce maka.