Dan Allah meye bambancin kamance da siffantawa?

Ɗalibi daga Ringim: Salam 'yan uwa, NECO ta matso kuma har yanzu adon harshe na rikita ni wallahi, kamance da siffantawa ba abu ɗaya bane?

Malami daga Gaya: Wa'alaikumus salam ƙanena, ba ɗaya bane. Kamance sai ka ji kamar ko tamkar a ciki, misali Baffa yana noma kamar ingarman sa, siffantawa kuwa kai tsaye ake zuwa, kawai ka ce Baffa zaki ne, shikenan.

'Yar Kazaure: Malam a ƙara masa da mutuntarwa, manomi in ya ce damina ta yi fushi bana ai halin mutum ya ba ta, kuma tana yawan fitowa a tambayoyin waƙa, kar ya tsallake ta.