Rol-on da sankarar mama: wadda abin ya taɓa ta zo ta faɗa mana

Maman Ilham, Unguwar Rogo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare ƙanwar maigidana ta turo min saƙon murya a WhatsApp, wata mata tana ta rantsuwa wai rol-on da muke shafawa a hammata shi ke kawo sankarar mama. Wai yana toshe gumi, dattin jiki ya rasa mafita ya taru a nono. Wallahi ban runtsa ba. Na fi shekara goma ina shafawa, kuma ni da hannuna na saya wa Ilham nata a kasuwar Terminus da ta fara warin balaga. Abin da ya ƙara tayar min da hankali, wannan ciwon ne ajalin mahaifiyata, tana da shekara 46. Don Allah ba "an ce" nake nema ba. Wadda abin ya taɓa faruwa da ita ta ba mu labari.

Ummu Sadik, Rikkos

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Mama. Bara ni ma na shiga wannan tashin hankalin. Na aske hammata da reza, ko minti biyar ban yi ba na fesa turare a wurin. Kwana uku sai ga ƙullutu kamar ƙwallon goruba ƙarami, ga zafi, hannu ma ba ya sauka daidai. Na kwashe duk kwalaben na zuba a bola ina kuka. Da na je asibiti likita ta duba ta ce kaluluwa ce, rezar ce ta yanke ni ƙwayar cuta ta shiga. Magani na sati ɗaya ta baje. Abin da ta hana ni kawai shi ne shafa wani abu a kan sabon aski, ta ce in bari ya kwana.

Anti Hajo, Gangare

Maman Ilham, 'yata, saurare ni. Ni ce mai nono ɗaya a cikinku, ba na ɓoyewa. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa sayen rol-on ba. Mu alimun muka tashi da shi, sai humra da turaren wuta. Amma ga shi ciwon ya same ni.

Ina wanka wata safiya cikin sanyin hunturun nan namu na Jos, ina sauri in fito, yatsana ya taɓa wani abu mai tauri a saman nonon hagu, can wajen hammata. Kamar ƙwayar gyaɗa. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, kuma rashin zafin nan shi ya cuce ni. Na ce abin da ba ya ciwo ai ba cuta ba ne. Da ya girma aka ce min daji ne, kuma daji ba ya son allura, in na bari aka taɓa shi da ƙarfe zai fantsama. Wata takwas ina shan jiƙe-jiƙe ina shafe-shafe. Sai da fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemu, kan nonon ya shige ciki, sannan babban ɗana ya ɗauke ni a mota ko shawarata bai nema ba. Aka ɗebi tsoka aka gwada, aka yi aiki, aka yi ta ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi, gasa wurin da na'ura kuma sai da muka yi ta zarya zuwa Abuja. Gonarmu ɗaya ta tafi a kai. Alhamdulillahi ina raye, ina aurar da 'ya'yana. Amma watannin nan takwas har yau suna ci min rai, domin likitan ya ce da a gyaɗar nan na zo, da wataƙila ƙullutun kaɗai za a cire.

Hauwa'u 'yar Bauchi Road

Allah Ya ƙara lafiya Anti. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Ranar da na je asibiti hoton nono na neman sankara, ma'aikaciyar ta tambaye ni ko na shafa wani abu a hammata, na ce e, ta miƙo min auduga ta ce in goge tas. In ba shi da illa, me ya sa suke gudunsa? Kuma ita ma Anti ai wajen hammata nata ya fito. Tun ranar na koma alimun.

Sista Rabi, Dogon Dutse

Hauwa'u, tambayarki a kan hanya take, ni ma na sha sa mata su goge. Irin wanda ke tsayar da gumi yana da gishirin aluminiyam, ɓurɓushinsa kan fito a hoton kamar fararen ɗige-ɗige, irin waɗanda likita ke nema a matsayin alamar ciwo. Don kada a ruɗe ne ake gogewa, hoda ma hana ta muke yi. Batun wajen hammata kuwa, naman nono ya fi yawa a wannan ɓangaren, shi ya sa ciwon ya fi fitowa nan, ga mai shafawa da wadda ba ta shafawa. Alimun ɗin da kika koma shi ma gishirin aluminiyam ne.

Wannan magana ta girmi WhatsApp, tun wajen 1999 take yawo ta imel a Amurka. An kuma bi diddiginta. A 2002 masu bincike a birnin Siyatil na Amurka suka kwatanta mata 813 masu ciwon da mata 793 masu lafiya, har da tambayar ko suna shafawa bayan aski, ba su ga wata alaƙa ba. Abin da ya sake hura wutar shi ne wani bincike na 2004 a Ingila da ya samu sinadarin faraben, wanda ake sawa a wasu kayan shafa don kada su lalace, a tsoka 18 cikin 20 da aka ciro daga masu ciwon. To amma bai nuna daga ina sinadarin ya shiga ba, bai nuna shi ya jawo ciwon ba, kuma ana samunsa a man shafawa da wasu abinci. Zancen datti kuma, hanta da ƙoda ne ke tace jini. Gumi ruwa ne da ɗan gishiri, aikinsa sanyaya jiki. Waɗanda ake ce wa su fara tambayar likita su ne masu ciwon ƙoda da ya yi nisa, domin ƙodarsu ba ta iya fitar da aluminiyam.

Maman Ilham, ni abin da ya tsaya min a saƙonki shi ne shekara 46 ɗin nan. Wadda mahaifiyarta ta yi ciwon, hatsarinta ya kusa ninka na sauran mata, duk da cewa mafi yawansu ba sa kamuwa. Irinku ake so ku fara dubawa da wuri. A 2020 kaɗai an ƙiyasta mata sama da 28,000 sun kamu a Najeriya, sama da 14,000 sun rasu, kuma mu a ɗakin jinya mun san dalili: sai abu ya fashe yana wari ake kawo mana mace a lulluɓe. Yana ƙona min rai in ga ana ta tura saƙon rol-on, amma ba mai tura yadda ake lalube nono bayan an gama al'ada da 'yan kwanaki.

Maman Khalifa, Farin Gada

Ni kayan kwalliya nake sayarwa. Satin nan mata huɗu suka dawo min da nasu saboda saƙon nan, na karɓa ban yi musu ba. Abin da na gani da idona dai shi ne ƙuraje da baƙin hammata, musamman daga masu arhar nan da ba lambar NAFDAC. Wanda ya ƙona ki, ki bar shi.

Maman Ilham, Unguwar Rogo

Na karanta duka, har na yi hawaye a na Anti. Gaskiya shekara tara da rasuwar Mama ban taɓa bari an duba ni ba, tsoron abin da za a ce min nake yi. Na gaya wa Baban Ilham, ya ce ranar Litinin in je asibitin koyarwa da ke Lamingo. Anti Hajo, ƙafata ba za ta iya shiga wurin nan ni kaɗai ba. Ko za ki raka ni?

Anti Hajo, Gangare

Me zai hana, 'yata. Ki biyo ta gida ƙarfe bakwai mu kama layin kati da wuri. Ki sa riga da zani, kada ki sa doguwa, kuma ranar kada ki shafa komai a hammata ko za su ce a yi hoton.