Wai kama kuɗi ne ke rage wa matan ƙauye haihuwa?

Musa Gadarif: Salam jama'a. Ni dai har gobe ina kan bakata, duk ƙauyen da mata suka fara kama kuɗi da hannunsu to haihuwa ja baya take. Ku duba Bangaladash, a shekarun 1970 mace na haifar sama da 6, yau sun dawo wajen 2, kuma kamfanonin ɗinki ne suka kwashe 'yan matan ƙauye

Inna Hauwa Mai Wurno: Musa ɗana wane irin aiki kake nufi? Tun da aka buɗe gonakin Jazira nan Sudan a 1925 matanmu ke tsinkar auduga a hawashar mutane, wato gonakinsu, ana biyansu, amma shiga kambo, unguwar 'yan ƙwadago, ka ƙirga yaran gida ɗaya ka gani. Goyo a baya, buhu a gaba, babbar 'yar na rainon ƙaninta a inuwa, in ta tasa ita ma ta shiga layi. Mai yara da yawa ma ita ke tashi da kuɗin kirki ranar awo

Musa Gadarif: Ai Inna wannan yomiya ce, ƙwadagon wuni, ni albashi nake magana

Zainab ungozoma, Sinnar: To ka ga ka fara sauka Yaya Musa 😂 Malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti ba ta shiga aiki da goyo, shi ya sa take tsara tazara. Amma kafin ta zama malama shekara nawa ta yi a aji? Wadda ta yi aure a 15 da wadda ta yi a 24 ai ba za su tashi da lissafi ɗaya ba ko da duk biyun suna zaune a ɗaki. Kuma akwai abin da maza ba ku lura da shi, mace in aiki ya raba ta da jariri wuni guda shayarwa na raguwa, al'ada ta dawo da wuri, in babu allura ko ƙwaya a kusa sai kwanika. Wallahi na sha gani

Sani Jidda: Anti Zainab ta gama magana. Nan Saudiyya haihuwa ta faɗo daga wajen 7 tun mata ƙalilan ne ke fita aiki, tuƙin mota ma sai 2018 aka ba su. Iran haka, daga sama da 6 a shekarun 1980 zuwa kusan 2 a 2000, har ƙauyukansu, da ƙananan asibitoci da makarantar 'yan mata

Musa Gadarif: Amma mai kuɗinta tana da bakin cewa miji a dakata, wannan fa?

Inna Hauwa Mai Wurno: In kuɗin ya kwana a hannunta ba. Tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023 wadda ta samo na safe kafin la'asar ya shige tukunya

Zainab ungozoma, Sinnar: Nan kam na ba ka rabi Yaya Musa, mai kuɗin mota ba ta jiran a ba ta kafin ta zo awo. Sai dai wani lokaci ta zo ta tarar maganin ya ƙare