An rubuta CK5/6 a sakamakon gwajin yayata, me yake nufi?

Maman 'Yan Biyu, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Yayata ta ji ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a mamanta na hagu, aka tsakuri nama aka kai gwaji. Jiya na karɓo takardar, ganin likita kuma sai Alhamis. Na ga an rubuta CK5/6 da alamar akwai shi, da na duba intanet sai na ga wai alamar muguwar sankarar mama ce. Tun jiya takardar na ƙarƙashin filona, ko Inna ban nuna wa ba. In faɗa musu ko in yi shiru?

Hajiyar Mile 12: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Kar ki ta da hankalin tsohuwa tun likita bai buɗe baki ba.

Antin ɗakin gwaji, Idi-Araba: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, aikina ke nan kullum. CK na nufin saitokeratin, wasu zaruruwan furotin da ke tokare ƙwayar halitta kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. Ni da ke duk muna da su. Bututun da nono ke bi, bangonsa ninki biyu ne. Saitokeratin iri-iri ne, kowanne da lambarsa: ƙwayoyin ciki suna yin lamba 8 da 18 da 19, na waje kuwa, masu matso nono lokacin shayarwa, su ke yin 5 da 14 da 17. Umarnin yin dukansu na cikin kowace ƙwaya, sai dai kowace tana kunna nata ta rufe saura. Akwai wani furotin, p63, yana cikin masu kunna na wajen. Shi ya sa muke sa rini a kan naman, launin ya nuna mana irin ƙwayoyin da suka yawaita. CK5/6 shi ne rinin da ke nuna lamba 5 da 6.

To ga inda intanet ta ruɗe ki. Idan ƙwayoyi sun cika bututu kuma CK5/6 ya fito dabbare-dabbare a cikinsu, galibi labari mai daɗi ne, yawaitar da ba sankara ba ce. Sai idan an riga an tabbatar da sankara, aka nemi ER da PR (masu karɓar saƙon sinadaran jikin mace) da HER2 (furotin mai sa ƙwaya ta yawaita) aka rasa, sannan CK5/6 ke nuna nau'in nan mai saurin yaɗuwa, wanda ya fi yawa a matanmu na Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Shi wannan nau'in, maganin sankarar mama da ake kira tamoksifen ba ya masa aiki, kemo ake yi, wato magani mai kashe ƙwayoyin sankara. Duba layin ƙarshe na takardar, me aka rubuta?

Maman 'Yan Biyu: An sa UDH, Anti. Babu maganar ER ko HER2 ko kaɗan.

Antin ɗakin gwaji: Alhamdulillah, UDH ita ce ta farkon da na faɗa miki, yawaitar ƙwayoyin bututu da ba sankara ba. Amma fa ku je ranar Alhamis da takardar da hoton da aka ɗauka, don likita ne zai haɗa su ya ga ko sun yi daidai da ƙullutun. Fito da ita daga ƙarƙashin filon nan ki nuna wa Yaya yau.