Ina sauran hasken da ke sauka a kan farantin sola yake tafiya?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Bara na ɗora farantan sola huɗu a kan rufin shagona, kuma takardarsu ta nuna kashi 21 cikin ɗari na hasken rana kaɗai suke mayarwa wutar lantarki. Ina sauran yake tafiya? Shin sabon sinadarin nan perovskite da ake ta zancensa zai sauya lamarin, ko kuwa zuzutawa ce kawai?

Malam Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Laifin ba na masana'anta ba ne, domin tun a 1961 William Shockley da Hans Queisser suka lissafa cewa faranti mai hawa ɗaya, wato shimfiɗa ɗaya ta sinadarin da ke kama haske, ba zai wuce kusan kashi 30 ba, komai kyan ƙirarsa (daga baya aka gyara lissafin zuwa kusan 33). Dalilin shi ne haske yana sauka ne ƙwaya-ƙwaya, kowace da nata ƙarfin, shi kuwa silikon, sinadarin da ake ƙera farantin da shi, yana da wani mizani, kimanin elektron-bolt 1.1 (ma'aunin ƙarfin ƙwayar ke nan), da dole ƙwayar ta kai kafin ta tayar da elektron, ƙwayar da gudanarta ke zama wutar lantarki. Wadda ba ta kai ba sai ta wuce a banza, wadda ta zarce kuma rararta zafi take komawa. Shi ya sa idan ka taɓa farantin da azahar za ka janye hannu da sauri.

Malama Kongo:
Bari in ɗora a kan bayanin Malam. Lokacin da Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa suka fara gwada perovskite a Japan a 2009, kashi 3.8 suka samu, amma yanzu ya haura 25 a ɗakin gwaji. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ana iya daidaita mizaninsa ta hanyar sauya haɗin sinadaran, sai a shimfiɗa shi a kan silikon, na sama ya kama shuɗin haske, na ƙasa ya kama jan da ya ratso. Da wannan dabarar kamfanin LONGi na Sin ya kai kashi 33.9 a 2023, kuma hakan bai karya lissafin 1961 ba, tunda hawa biyu ne. Sai dai danshi da zafi suna lalata shi, ga kuma dalma a cikinsa, alhali silikon ana ba shi garantin shekara 25. Ni dai sai na ga ya ci damina da bazararmu kafin in gamsu.

Mai Haɗa Sola, Sabon Gari:
Ɗan uwa, kafin perovskite ya iso kasuwarmu, ka duba na kan rufinka. Wancan kashi 21 a zafin digiri 25 ake auna shi, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage kimanin kashi 0.4 cikin ɗari na wutar. Idan an manna farantin da kwano babu hanyar iska a ƙasa, a ɗaga shi, sannan lokacin hunturu ka riƙa goge ƙurar da sassafe kafin ya yi zafi.