Nutso a dajin ciyawar teku na Cape Town: ta ina zan fara?

Hadiza: Assalamu alaikum. Na koyi nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya, inda ruwa yake da ɗumi, yanzu kuma aiki ya kawo ni Cape Town a Afirka ta Kudu. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da dajin doguwar ciyawar tekun nan da ake kira kelp: wane gefe ya kamata in fara da shi, kuma shin ciyawar ba ta nannaɗe mai nutso?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. A garin nan iska ce take zaɓa wa mutum wurin nutso. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar kudu maso gabas takan kore ruwan sama daga gaɓar Atlantika, sai ruwan can ƙasa ya taso. Yakan yi garau, amma sanyinsa yakan sauka zuwa digiri 10. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa, idan iska ta juyo daga arewa maso yamma, False Bay, mashigin tekun da ke ɗaya gefen garin, ita ce take yin kyau, musamman Miller's Point da Castle Rock kusa da Simon's Town. A ganina ki fara da nan, da rigar roba mai kaurin milimita 7, da hula da safar hannu.

Batun nannaɗewa kuwa, ki kwantar da hankalinki. Ciyawar, wadda masana ke kira Ecklonia maxima, tana da kara mai rami a ciki wanda kan wuce mita 10, ganyenta yana shawagi a sama, ƙasa kuma fili ne tsakanin kara da kara. Idan igiyar ruwa ta turo ki baya, ki riƙe kara ɗaya, ki sake shi idan ta juyo. Idan tiyon iskarki ya maƙale, kada ki yi ta juyi, ki ja baya a hankali.

Bashir: Ina ƙara wa Malam Sani abu biyu. Wuraren nan suna cikin yankin teku da hukuma ke karewa, don haka sai da takardar izinin nutso, kuma ba a kama komai a Castle Rock. Sannan kada ki sa rai sosai da manyan kifayen shak masu tsaga bakwai a wuya, waɗanda Miller's Point ta yi suna da su, domin sun yi ƙaranci tun 2015, lokacin da aka fara tsintar gawarwakinsu babu hanta, ɓarnar da aka danganta da wasu orka biyu, wato manyan dabbobin teku masu farauta. Ƙananan shak masu zane baƙi da fari dai suna nan, kwance a kogunan duwatsu, sai ki tafi da tocila.